Injin Huda Mai Batir da Wutar Bango

 Maganarmu ta yau da masu sana'ar hannu ce, musamman na cikin birni: kafintan da ya mai da soron gidansu shago a Yakasai ko Mandawari, mai haɗa tagar alminiyam a Koki, mai gyaran kujeru a Jakara, da maigidan da ke ajiye 'yan kayan aiki saboda gyare-gyaren gida. Shekarun nan injinan hannu masu batir sun yawaita a hannun mutanenmu, injin huda, na ɗaura noti, ƙaramar giranda, wasu sababbi daga kasuwar Sabon Gari, da yawa kuma na hannu 'yan Kwatano. Duk mai irin wannan inji ya san inda gizo ke saƙar. Batir ne ke riga inji mutuwa. Zafin Kano na watan Afrilu, da ke haura maki 40, ba ya raga wa batir, kuma idan aka je sayen sabo sai a tarar kuɗinsa ya kusa kamo na injin. Daga nan ne dabara ke zuwa: a buɗe gidan batir, a zubar da 'ya'yan cikinsa, a saƙala waya, a nemi hanyar ba injin wuta daga bango.

Ban zo in hana wannan dabara ba. Jefar da inji mai lafiya saboda batir ɓarna ce, kuma garin da ya rayu da gyara da ƙira tun zamanin da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa kasuwar Kurmi ba zai koyi zubar da kayan aiki yau ba. Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne, yawancin masu yin wannan haɗi lamba ɗaya suke dubawa, wato bolt. Sun ga an rubuta 18 a jikin inji, sun samo abin da aka rubuta wa 18 ko 19, shi ke nan a ganinsu magana ta ƙare. Alhali batir ba bolt kaɗai yake bayarwa ba. Yana kwararo wuta mai yawa a lokacin da inji ya ci tura, yana raba hannun mai aiki da wutar bango, yana kuma ajiye wuta don lokacin da babu. Duk abin da za a sa a gurbinsa, sai an tambaye shi ko zai iya waɗannan ayyuka. Idan ba zai iya ba, ko dai inji ya ƙi aiki, ko wani abu ya ƙone, ko kuma, Allah Ya kiyaye, mutum ya jikkata.

Abu na farko ba ya buƙatar doguwar magana. Wutar da ke cikin soket a Najeriya bolt 230 ce, kuma mai kai-komo ce, tana juya alkibla zagaye 50 a kowace daƙiƙa. Injin batir yana son bolt 12 ko 18, mai tafiya hanya ɗaya, da wayar ja da baƙa kowace a wurinta. Wanda ya haɗa shi kai tsaye da bango ya kashe shi nan take, kuma ya sa ransa a haɗari. Dole sai da wani abu a tsakani da zai sauke wutar ya kuma daidaita ta. Rigimar duka a kan wannan abu na tsakani take.

Mu ɗauki misalin ruwa, tunda kowa a cikin birni ya san wahalarsa. Bolt shi ne ƙarfin da ruwa ke fitowa da shi, amfiya kuwa yawan ruwan da ke gudana. Famfo yana iya zuwa da ƙarfi amma ta siririn tiyo, sai a daɗe ana cika bokiti. Batir kamar randa yake: a hankali aka cika ta, amma idan ana bukata sai a kamfato da babban kwano a lokaci guda. Injin huda mai bolt 18, idan yana juyawa a iska, 'yan amfiya kaɗan yake sha. Da zarar bakinsa ya shiga katakon maɗaci, sai shan ya tashi zuwa amfiya 10, 15, har 20. Idan bakin ya cije ya tsaya cik alhali yatsa na kan maɓalli, shan yana ninka haka. A yi lissafi: bolt 18 sau amfiya 20, wat 360 ke nan. To, ɗauko cajar kwamfutar hannu ka juya bayanta. Mafi yawansu za ka ga bolt 19, amfiya 3.42, wato wat 65. Manyan cikinsu amfiya 4.74, wat 90. Bolt ya yi daidai, amma ruwan da ke cikin tiyon bai kai kashi ɗaya bisa huɗu na abin da ake nema ba. Ita ma cajar da ta zo tare da injin haka take. An yi ta ne don ta cika randa a hankali cikin awa ɗaya ko fiye, ba don a yi aiki da ita kai tsaye ba.

Na san wani yana can yana cewa, Malam, ai ni da cajar kwamfuta nake aiki, kuma injina yana juyawa. Gaskiya ne, yana juyawa, ban ƙaryata ka ba. Amma ka lura da yadda yake yi. Idan ka danna maɓalli da ƙarfi sai ya zabura ya mutu, sai ka saki ka sake dannawa a hankali. Yana huda falanki mai laushi, amma da ka kai shi kan ƙarfe sai ya riƙa yankewa. Wannan yankewa ba lalacewa ba ce. Caja mai kyau ce take kare kanta, domin an sa mata abin da ke datse wuta idan an ja fiye da ƙarfinta. Abin tsoron shi ne cajar da ba ta yankewa. Jabun caja da aka rage wa kayan kariya don a sayar da araha za ta yi ta bayarwa tana zafi, roba tana laushi, har abin da ke raba ɓangaren bolt 230 da ɓangaren bolt 19 a cikinta ya gaza. Saboda haka juyawar inji ba shaida ba ce cewa haɗin ya yi. Shaidar ita ce ya ɗauki aiki mafi nauyi da kake ba shi, na tsawon lokaci, kuma ka taɓa akwatin wutar ka ji ɗumi kawai.

Mene ne zai wadatar? Ga inji mai bolt 12, ana samun akwatin wuta na ƙarfe mai huji-huji, irin wanda masu haɗa kyamarar tsaro da fitilun ado ke amfani da shi, mai amfiya 20 ko 30. Akwatin wutar tsohuwar kwamfutar tebur ma yana da layin bolt 12, kuma an rubuta amfiyarsa a jiki. A karanta, kada a yi kirdado. Ga mai bolt 18, a nemi wanda ke ba da 18 zuwa 20, kuma ni dai ba zan sauka ƙasa da amfiya 20 ba, 30 ta fi kwanciyar hankali. Wasu akwatunan suna da ɗan maɓalli a gefe, 110 ko 220. Idan yana kan 110 aka sa a soket ɗinmu, fashewa zai yi. Masu son haɗa nasu da taransifoma su tuna da abu uku. Taransifoma ita kaɗai tana sauke bolt ne, amma wutar tana nan mai kai-komo, sai an ƙara mata abin da masu gyaran rediyo ke kira rektifaya. Sannan wadda aka rubuta wa 12, bayan an daidaita wutarta an sa kwandensa, tana kai wajen bolt 16 ko 17 idan ba a ɗora mata aiki ba. Kuma tana bin wutar bango sau da ƙafa: in an kawo rabin wuta, rabin ƙarfi za ta bayar.

Sai waya, wadda ita ce aka fi rainawa. Mutum zai sayi akwati mai kyau sannan ya ja siririyar wayar fanka mita biyar zuwa inji, ya dawo yana zargin akwatin. A ƙaramin bolt, amfiya ce ke da yawa, kuma amfiya ce ke ɗuma waya. Wayar jan ƙarfe mai kaurin 1.5, idan tsawonta mita 5 ne, wuta za ta yi tafiyar mita 10 zuwa da dawowa. A amfiya 20, za a yi asarar kusan bolt biyu da rabi a hanya, kuma kusan wat 50 zai zama zafi a jikin wayar. Ga inji mai bolt 12, kashi ɗaya bisa biyar na ƙarfinsa ke nan ya tafi a banza. Da wayar mai kaurin 4 ce, asarar ba za ta kai bolt ɗaya ba. Don haka idan wurin aiki ya yi nisa da soket, ɓangaren bolt 230 ake ƙara wa tsawo, a kawo akwatin kusa, a bar wayar inji gajera mai kauri. A kuma kankare bakin waya kafin a biya kuɗi. Akwai wadda samanta ja ne amma cikinta fari, alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, kuma ba ta ɗaukar abin da ta gaskiya ke ɗauka.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, ina roƙon a ba ni kunne. Injin da aka ƙera don wutar bango an yi masa rufi biyu ko an ba shi wayar ƙasa, saboda masu ƙera shi sun san bolt 230 zai shiga cikinsa. Injin batir ba a yi masa wannan tanadi ba, domin ba a taɓa tsammanin zai haɗu da bango ba. Ranar da ka jona shi, kariyarka ta koma cikin akwatin nan na tsakani. Idan taransifomar cikinsa tana da naɗi biyu a rabe, na shiga daban na fita daban, babu ƙarfen da ya haɗa su, to kana da shamaki. Amma ba kowane abin da ke sauke bolt ne ke da shamaki ba. Taransifomar cikin yawancin sitabilaiza naɗi ɗaya ne da ake tsatso wuta daga jikinsa. Za ka iya auna bolt kaɗan tsakanin wayoyi biyu, alhali tsakanin waya da ƙasar da kake tsaye a kai akwai cikakkiyar wutar bango, musamman a gidajen da aka juya wayoyin soket, kuma suna da yawa. Haka ɗan allon cajin da ke cikin fitilu masu araha, shi ma ba shi da shamaki. Ka ɗora wannan a kan yadda muke aiki: hannu ya jiƙe da gumi, ƙafa ba takalmi ko silifas da ya sha ruwa, daɓen soro ya yi danshi da damina, ɗaya hannun yana riƙe da ƙyauren ƙarfe. Wutar da za ta iya rikita bugun zuciya ba ta kai ko kashi ɗaya bisa goma na amfiya ɗaya ba. Shi ya sa na'urar kariya da ake sa wa a allon wuta na gida take datsewa a kashi 30 cikin 1000 na amfiya. A Ingila, a wuraren gine-gine, da taransifoma mai bolt 110 ake aiki, an kuma raba ta tsakiya yadda abin da zai taɓa mutum ba zai wuce bolt 55 ba. Sun yarda su riƙa ɗaukar akwati mai nauyi daga bene zuwa bene saboda wannan shamaki kaɗai.

Wani zai ce, to idan akwai shamaki ai shi ke nan, bolt 12 ba ya kisa. Ta fuskar jan wuta, da gaskiyarsa. Bolt 12 ko 18 ba ya ratsa busasshiyar fata har ya yi illa. Amma yana tayar da gobara. Amfiya 30 da ta sami gajeriyar hanya tana mai da waya ja wur cikin daƙiƙoƙi, batirin mota kuwa yana iya sakin ɗaruruwan amfiya. Shagon kafinta cike yake da dusar katako, soso, yadi, gam da fenti. Kuma wanda ya san lungunan cikin birni ya san akwai inda Adaidaita Sahu ma ba ta shiga, balle motar kashe gobara, ga gidaje bango ɗaya, ga iyali a bayan soron. Mutanen Kano ba su manta da gobarar kasuwar Sabon Gari ta shekarar 2016 ba. Maganin nan ba shi da tsada: fis irin na mota, mai amfiya 25 ko 30 gwargwadon kaurin waya, a kan wayar ja, dab da inda wuta ke fitowa. Idan ya yanke, a nemi dalili, kada a naɗa masa waya. Akwatin nan mai huji-huji kuma bakin wayoyinsa na bolt 230 a fili suke, sai an rufe su, an ɗaga shi sama daga dusa da ƙurar hunturu, an bar masa hanyar shan iska, an kuma haɗa jikinsa da wayar ƙasa. Kuskure guda da nake roƙon kowa ya guje masa shi ne sa wa wayar inji fulogi irin na bango mai baki uku don sauƙin cirewa. Kai ka san ba na bango ba ne. Yaron shagonka da ya zo jiya bai sani ba.

Ko da an yi duk wannan daidai, akwai aikin batir na uku da akwatin wuta ba zai taɓa yi ba, kuma a Kano shi ne ya fi shafar aljihu. Inji mai batir ya 'yantar da kai daga jiran a kawo wuta; ranar da ka cire batirin, ka mai da kanka mai jira. Sunan kamfanin wuta ya canza daga NEPA zuwa PHCN, ya koma KEDCO tun 2013, amma har yau mai sana'a yana kallon ƙwan fitila kafin ya yi wa mai kaya alƙawari. A watan Oktoba na 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka sami matsala, Kano da maƙwabtanta sun kwashe kwanaki cikin duhu. Janareta kuwa, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kunna shi don a huda rami huɗu asara ce. Saboda haka ra'ayina shi ne, ga mai inji na bolt 12, hanyar da ta fi dacewa da garin nan ita ce wutar bango ta cika batir, batir ya ba inji. Batirin mota ko na sola da ke da sauran rai, da caja mai kyau, da fis, da gajeriyar waya mai kauri. Wannan haɗi yana ba da amfiyar da inji ke so ba tare da yankewa ba, yana aiki ko an ɗauke wuta, kuma idan ka cire caja kafin ka fara aiki, babu wata hanya ko kaɗan tsakanin hannunka da bango. Mai faifan sola ma ya huta. Sharaɗin dai shi ne a yi cajin a inda iska ke wucewa, domin batirin ruwa yana fitar da iskar da ke kamawa da wuta, kada a ajiye shi kusa da tartsatsin giranda ko walda.

Masu inji na bolt 18 lamarinsu ya ɗan fi wuya. Batirin mota ɗaya ya yi kaɗan, inji zai yi sanyi, na zamani ma ba zai tashi ba. Biyu a jere bolt 24 ne, har su haura idan sun cika, ya yi yawa. Wasu injinan manyan kamfanoni kuma suna da baki na uku ko na huɗu da inji ke tantance batir da shi, in bai ji amsa ba sai ya ƙi motsi. A nan sau da yawa sake cika gidan batirin ya fi. A cikinsa za ka tarar da 'ya'yan lithiyam guda 5 a jere, kowane bolt 3.6, shi ne 18 ɗin; rubutun 20 da ake gani a wasu injinan, abu ɗaya ne aka auna lokacin da ya cika. Sai dai a yi hattara da 'ya'yan da aka ciro daga tsofaffin batiran kwamfuta. Girmansu ɗaya, amma an yi su ne don su riƙa ba da wuta kaɗan na tsawon lokaci, ba amfiya 20 a take ba. A cikin injin huda zafi suke yi, kuma lithiyam da ya kama da wuta yana da wuyar kashewa. A ba wanda ya san aikin, ya sa 'ya'ya masu ƙarfin fitarwa iri ɗaya, ya kuma bar allon kariyar da ke ciki.

Akwai ƙorafi mai ƙarfi da ya kamata in amsa da adalci. Wani zai lissafa kuɗin akwati, waya, fis da ladan mai haɗawa, ya ce da wannan wahala gara in sayi injin huda mai fulogi. Sau da yawa shi ke da gaskiya. Idan aikinka huda kankare ne ko ƙarfe mai kauri daga safe zuwa yamma, injin da aka ƙera don bango ya fi ƙarfi, ya fi aminci, kuma babu abin da za ka haɗa. Inda injin ƙaramin bolt ya yi fice shi ne ɗaura sukuru a kabad da gado ba tare da ya fasa katako ba, saboda abin sassauta ƙarfi da yake da shi, da aiki a kan tsani ko a wuri mai danshi. Wanda irin wannan ne aikinsa, kuma injin yana hannu, shi ne haɗin zai amfana. Wanda kuma zai ce ai komai da ajali, na yarda rai a hannun Allah yake, amma malamanmu ba su taɓa koya mana cewa tawakkali yana hana ɗaukar mataki ba, balle a kan ran yaron da iyayensa suka damƙa maka amana ya koyi sana'a.

Kafin injin ya shiga hannun wannan yaro, a kai haɗin wurin mai gyaran lantarki da ke da mita. Haɗin yana cire daga bango, ya auna tsakanin bakin fulogi da wayoyin fita. Kada a sami alamar haɗuwa ko kaɗan. Ya jona, ya auna bolt ɗin fita, ya tabbatar ja na wurin ja, baƙa na wurin baƙa. Ya auna tsakanin kowace wayar fita da ƙasa. Sannan a ɗora wa injin aiki mai nauyi na 'yan mintuna, a cire daga bango, a shafa waya da mahaɗa da akwati. Duk inda ya yi zafin da hannu ba zai jure ba, can ne za a gyara kafin a ci gaba.